Goge Huɗu A Faifai Ɗaya: Yadda Tsohon Kiɗa Ke Tallar Sabo

Daga wakilinmu a Dassasgho, Wagadugu

Duk wanda ya taɓa kasa kaya a kasuwa ya san cewa jeri ma sana'a ne. Mai atamfa ba ya tura tsofaffin zane lungu ya bar sabon yayi shi kaɗai a gaba. Yakan ajiye zanen da mata suka sani tun zamanin iyayensu kusa da wanda ya shigo makon jiya, domin idon da tsohon ya jawo ya faɗa kan sabon. Haka mai turare yake yi, haka mai takalma. Abin da mai saye ya sani shi ke tsayar da shi a bakin rumfa, abin da bai sani ba kuwa shi ke sa ya dawo gobe.

Wannan dabara ta 'yan kasuwa ita ce wasu makaɗa a Turai da Amurka suka ɗauka suka rayar da wani irin kiɗa da ya haura shekara 250 a duniya, wato kiɗan goge huɗu. Suna fitar da faifai wanda ya haɗa aikin magabata da na 'yan zamani, kuma ba haɗin gambiza suke yi ba, kowane kiɗa da dalilin da ya sa aka ajiye shi kusa da ɗan'uwansa. Mai karatu zai iya cewa ina ruwan ɗan kasuwar Sinkase ko Puytenga ko Jibiya da gogen Turawa? Ruwansa kuwa babba ne, domin a kasuwanninmu na kan iyaka ake sayar da kiɗan Hausa tun zamanin faifan garmaho da kaset har zuwa yau da ake tura shi a memori, kuma a hannunmu namu gogen da kukuma da garaya ke neman ɓacewa.

Mene ne goge huɗu?

Ƙungiya ce ta mutum huɗu, kowa da abin kiɗansa mai tsirkiya huɗu wanda ake gogawa da baka. Biyu suna riƙe da ƙaramin goge mai siririyar murya da ake kira biyolin, na uku yana riƙe da biyola wadda ta ɗan fi girma, muryarta kuma ta fi kauri, na huɗu kuwa yana zaune da selo, babban goge da ake kafawa a ƙasa a riƙe tsakanin gwiwoyi, shi ne mai muryar dattijo. Jimla tsirkiya 16 ke nan. Babu ganga, babu mawaƙi, babu 'yan amshi, babu kuma shugaba mai tsayawa a gaba yana kaɗa sanda. Da ido da numfashi suke ba juna hanya. Marubucin nan na Jamus, Goethe, ya taɓa kwatanta sauraronsu da jin hirar mutum huɗu masu hankali.

Wanda ya kafa wannan tsari har ya zauna da gindinsa shi ne Joseph Haydn na ƙasar Ostiriya, wanda ya rayu daga 1732 zuwa 1809, ya kuma bar irin wannan kiɗa kusan 68. Mozart ya koya daga gare shi, har a 1785 ya fitar da guda 6 ya sadaukar masa. Beethoven ya rubuta 16, na ƙarshen cikinsu kuma ya yi su ne a 1825 da 1826, lokacin da kunnensa ya riga ya mutu. Akwai ma baƙar fata cikin na farkon: Joseph Bologne, wanda aka haifa a tsibirin Gwadalup a 1745, mahaifiyarsa baiwa ce 'yar asalin Afirka, yana cikin waɗanda suka fara rubuta kiɗan goge huɗu a Faransa.

Mai gogen Hausa da zai ɗauki bakan biyolin ba zai ga baƙon abu ba. Gashin wutsiyar doki ne a jikinsa, kuma sai an shafa masa ƙaro kafin ya kama tsirkiya, kamar dai namu. Hatta baƙin katakon da ake shimfiɗawa a wuyan biyolin, inda yatsu ke dannawa, galibi daga dazukan Afirka yake fitowa, irin su Kamaru da Madagaska. Babban bambancin shi ne su kiɗansu a rubuce yake a takarda, shi ya sa abin da Haydn ya tsara kafin jihadin Shehu Ɗanfodiyo har yau ana iya kaɗa shi yadda ya bar shi.

Abin da ya sa aka fara haɗawa

Kasuwa ce ta tilasta. Ƙungiyar da ta ce za ta fitar da faifan Beethoven zalla, za ta tarar ƙungiyoyi barkatai sun riga ta, wasu tun zamanin garmaho, kuma manyan gwanaye ne. Mai saye zai tambaya me zai sa ya sake sayen abin da yake da shi a gida. Idan kuma ƙungiyar ta ce sabon kiɗa zalla za ta yi, na wani matashi da ba a san sunansa ba, sai mai saye ya ji tsoron zuba kuɗinsa a kan abin da bai taɓa ɗanɗanawa ba. Tsohon ya yi yawa a kasuwa, sabon ba shi da mai tsaya masa.

Mafita ita ce a haɗa su. Sunan tsohon ya jawo mai saye, sabon kuma ya zama dalilin da faifan ya bambanta da na kowa. Sai dai waɗanda suka ƙware a harkar sun gano wani abu da ya wuce ciniki: kunne yana jin tsohon kiɗa daban idan ya fito daga sauraron sabo. Abin da ya saba ji har ya daina lura da shi sai ya dawo masa ɗanye. Sabon kuma, wanda da farko zai yi kamar hayaniya, sai a gane ashe yana da uba da kaka.

Hanyar salsala

Ƙungiyar Danish String Quartet, wadda ta ƙunshi 'yan ƙasar Denmak uku da ɗan Nowe ɗaya, ta bi hanyar da za mu iya kira ta salsala. Tsakanin 2018 da 2023 ta fitar da faifai 5 a kamfanin ECM na Jamus ƙarƙashin suna Prism. Kowane faifai abu uku ne a cikinsa: gajeren kiɗa na Bach, wanda ya rasu a 1750, da ɗaya daga manyan ayyukan ƙarshen rayuwar Beethoven, sai kuma aikin wani da ya zo bayansa. A faifai na farko sun sa kiɗa na 15 na Shostakovich ɗan ƙasar Rasha, wanda ya rubuta a 1974, shekara guda kafin rasuwarsa, kiɗa ne mai kashi 6 kuma dukkansu a hankali suke tafiya. A na biyu Schnittke, a na uku Bartók, a na huɗu Mendelssohn, a na biyar Webern.

Dalilin zaɓin a bayyane yake. Beethoven tun yana yaro ya koyi kiɗan Bach, waɗanda suka zo bayansa kuma duk sun sha daga gare shi. Faifan ya zama kamar mutum ya zaunar da kaka da uba da jika a tabarma ɗaya, mai kallo ya riƙa gano inda hanci ya yi kama da inda ido ya bambanta. Wannan ƙungiya dai ita ce ta koma ƙauyukan ƙasashensu ta tattaro kiɗan biki na masu gogen karkara, ta sake tsara shi domin mutum huɗu, ta fitar a faifan Wood Works a 2014 da Last Leaf a 2017. Waɗanda suka iya Beethoven ba su ga kiɗan ƙauye a matsayin abin kunya ba.

Hanyar Kronos

Ƙungiyar Kronos Quartet ta Amurka kuwa wata hanya ta bi. David Harrington ne ya kafa ta a 1973 a birnin Seattle, daga baya ta koma San Francisco. Tun farko ta ɗora kanta kan sa masu tsara kiɗa na zamani su rubuta mata sabon abu. Labari ya shahara cewa aikin farko da Harrington ya sa tsohon malaminsa Ken Benshoof ya rubuta masa, da ƙunshin fanken Turawa ya biya shi, don ba shi da kuɗi. Daga wannan ƙunshi zuwa yau an rubuta wa ƙungiyar ayyuka sama da 1,000.

A 1997 ta fitar da faifan Early Music, inda ta jera gajerun kiɗa na mutanen da suka rayu ɗaruruwan shekaru da suka wuce, irin su Hildegard ta ƙarni na 12 da Machaut na ƙarni na 14, ta cakuɗa su da na 'yan ƙarni na 20 kamar John Cage da Arvo Pärt. An yi jerin ne ta yadda wanda bai duba bayan faifan ba zai kasa rantsewa wanne ne tsoho wanne ne sabo.

Amma faifanta da ya fi shafar mu shi ne Pieces of Africa na 1992. Mutum 7 'yan Afirka suka tsara kiɗan da ke ciki: Dumisani Maraire na Zimbabuwe, Hassan Hakmoun na Maroko, Foday Musa Suso mai kora na Gambiya, Justinian Tamusuza na Yuganda, Hamza El Din ɗan ƙabilar Nuba ta bakin kogin Nilu, Obo Addy na Gana, da Kevin Volans na Afirka ta Kudu. Da yawansu sun shiga da kayan kiɗansu sun kaɗa tare da 'yan huɗun. Faifan ya hau matsayi na ɗaya a jerin cinikin mujallar Billboard ta Amurka, a ɓangaren kiɗan gargajiyar Turawa da kuma na kiɗan duniya. A daidai wannan zamani ne, a 1994, Soweto String Quartet ta Afirka ta Kudu, wadda 'yan'uwa uku 'yan gidan Khemese da abokinsu suka kafa, ta fitar da Zebra Crossing, inda gogen Turawa ya yi kiɗan unguwannin baƙar fata.

Maƙwabtanmu na Mali

Ba sai mun je nesa ba. A 1970 an fitar da wani faifai na makaɗan Mali mai suna Cordes Anciennes, ma'ana tsofaffin tsirkiyoyi, na kiɗan kora zalla ba waƙa. Cikin waɗanda suka kaɗa akwai Sidiki Diabaté da Djelimady Sissoko. Bayan shekara 27, a daren 22 ga Satumba 1997, 'ya'yansu biyu, Toumani Diabaté da Ballaké Sissoko, suka zauna a wani zaure a Bamako suka ɗauki nasu faifan a dare guda. Ya fito a 1999 da suna New Ancient Strings. Sun ɗauko taken da iyayensu suka sani suka sake ɗinka shi da hannun zamaninsu, kuma wannan faifai ya taimaka wajen kai kora ƙasashen da ba a taɓa jin sunanta ba. Toumani ya rasu a 2024, amma abin da shi da mahaifinsa suka kaɗa yana nan a adane.

Sannan a 2017 kamfanin World Circuit na Ingila ya fitar da Ladilikan, haɗin gwiwa tsakanin Kronos da wasu makaɗan gado uku da ake kira Trio Da Kali: Hawa Kassé Mady Diabaté mai waƙa, Fodé Lassana Diabaté mai balafon, da Mamadou Kouyaté mai babban ngoni, wanda ɗan'uwan molonmu ne. A ciki akwai tsofaffin waƙoƙin Mande na biki da na yabo, akwai kuma waƙoƙin da Mahalia Jackson, baƙar fatar Amurka, ta yi suna da su, waɗanda aka mayar harshen Bambara. Wani Ba'amurke mai suna Jacob Garchik ne ya rubuta wa masu gogen abin da za su kaɗa, kuma ya yi shi ne ta yadda za su bi balafon da murya a baya, su yi musu amshi, ba su danne su ba.

Bugu da ƙari, a shirin da Kronos ta fara a 2015 na sa mutum 50 su rubuta sabon kiɗa domin ɗalibai, Lassana Diabaté ya ba da nasa mai suna Sunjata's Time. Rubutun kiɗan yana intanet kyauta. Yau ɗalibi a Japan ko Jamus na iya sauke shi ya kaɗa taken Mande da biyolin, sunan mai shi kuma na rubuce a sama.

A Nijar ma an ga irin haka. Marigayi Malam Maman Barka, malamin makaranta kuma gwanin gurmi, ya samu tallafin hukumar UNESCO a 2002 ya tafi bakin tafkin Chadi wajen Bukar Tar, dattijon da ake ɗauka shi ne na ƙarshe da ya iya biram, abin kiɗan Buduma mai tsirkiya 5 da siffar kwalekwale. Ya koya, dattijon ya ba shi nasa biram ɗin, kuma a 2009 aka fitar da faifansa a Ingila, ɗauke da waƙoƙin gado da kuma nasa na kansa. Barka ya rasu a 2018. Da ya yi jinkirin 'yan shekaru kafin tafiyar, da biram ya bi mai shi kabari.

Lissafin faifai

Ɗan kasuwa zai so jin lissafi. Abu na farko shi ne wuri. Faifan CD minti 74 zuwa 80 yake ɗauka, babban kiɗan goge huɗu kuwa yakan ci rabin awa zuwa minti 40. Ke nan manya biyu da ƙarami ɗaya sun cika shi, dole a yi zaɓi, dole a bar wani abu a waje. Duk da cewa yanzu a waya ake sauraro, masu harkar ba su yar da wannan ma'auni ba, domin sun san kunne ma yana ƙoshi.

Na biyu shi ne jeri. Wanne zai buɗe, wanne zai rufe, daƙiƙa nawa za a yi shiru tsakaninsu, kuma muryar da wancan ya ƙare a kai ta dace da wadda wannan zai fara? Masu kaset na da sun san wannan, domin sun san waƙar da ake sawa a farkon fuska ta ɗaya ita mai saye ke ji idan ya ce a gwada masa.

Na uku shi ne haƙƙi. A Turai da Nijeriya da nan Burkina Faso, doka tana kare aikin mai tsara kiɗa har shekara 70 bayan rasuwarsa. Beethoven ya rasu a 1827, saboda haka ba a biyan magadansa komai, amma aikin ɗan zamani sai da izini da biya. Haɗa su a faifai ɗaya yana rage nauyin kuɗi, yana kuma sa mai rai ya ci albarkacin sunan mamaci. Sai dai a lura: ko da kiɗan ya tsufa, ɗaukar da aka yi masa a sutudiyo mallakar waɗanda suka kaɗa ce da kamfanin da ya zuba kuɗi. A nan Burkina hukumar BBDA, wadda aka kafa a 1985, ita ke karɓar kuɗin haƙƙin mawaƙa, kuma ƙasar na cikin 'yan ƙalilan a Afirka da ke karɓar wani kaso a kan kayan ɗaukar sauti da ake shigowa da su, ta hannun jami'an kwastan. Mai shigo da irin waɗannan kaya da ya taɓa biya a kan iyaka, to ya sani wani ɓangare na kuɗin an tanade shi ne domin masu fasaha. A Nijar akwai takwararta BNDA.

Namu gogen fa?

Ƙasar Hausa ba ta rasa tsirkiya ba. Akwai goge na ƙwarya da fatar guza, akwai ƙanwarsa kukuma, akwai garaya ta mafarauta, akwai gurmi da ake ji a fagen kokawa, akwai molo, akwai kuntigi mai tsirkiya ɗaya wanda Dokta Adamu Ɗanmaraya Jos ya zaga duniya da shi kafin rasuwarsa a 2015. Wanda ya yi tafiyar dare a babbar mota a shekarun 1980 bai manta kukumar Garba Supa da Hassan Wayam da Ahmadu Doka ba, ko gurmin Haruna Uje, ko gogen Audu Yaron Goge. A Nijar, gasar kiɗa ta ƙasa da ake yi a Tawa sunan Ɗan Gurmu, mai gogen Adar, take ɗauke da shi. A kan tsohuwar hanyar fatake ta zuwa Gwanja sayen goro, Mosawa na da nasu gogen da suke kira rudga, Dagwamba na da gonje wanda ake kaɗa wa sarki a fadar Yandi. Wata malamar jami'a a Amurka, Jacqueline DjeDje, ta wallafa littafi sukutum a 2008 a kan gogen Fulani da Hausawa da Dagwamba.

To amma tun ƙarshen shekarun 1990, lokacin da fiyano ta shiga sutudiyoyin Kano tare da bunƙasar finafinan Hausa, lissafi ya sauya. Mutum ɗaya da fiyano da kwamfuta yana fitar da abin da a da sai an tara mutum goma an ba su abinci da kuɗin mota. Fiyanon tana kwaikwayon muryar sarewa da ganga har da ta goge, amma wanda ya san gogen gaskiya ya san ba ta iya wannan lanƙwasa da ke sa tsirkiya ta yi magana kamar bakin Bahaushe. Ga kuma tsohon tabo: an daɗe ana danganta goge da bori da gidajen da mutumin kirki ba ya son a gan shi, malamai da dama kuma suna ƙyamarsa, shi ya sa 'ya'yan masu sana'ar da yawa suka kama wata hanya.

Haɗarin a nan shi ne namu kiɗan ba a rubuce yake ba. A yatsun mai shi yake, sai kuma a tsofaffin kaset da zafi da ƙura ke ci kullum. Mu mazauna Wagadugu mun san yadda abu ke tafiya dare ɗaya. A 2003 gobara ta cinye babbar kasuwar Rood Woko, ba a sake buɗe ta ba sai 2009. A wannan shekara ta 2003 kuma aka rushe Zangwetin, tsohon zangon Hausawa na tsakiyar gari, domin shirin ZACA, jama'arsa suka watsu a unguwanni. Kaya ana sake sarowa, gida ana sake ginawa, amma kaset ɗin da babu kwafinsa idan ya tafi ya tafi ke nan. A nan Dassasgho gidan tarihi na ƙasa yake, a cikin gari kuma akwai gidan adana kayan kiɗa mai sunan Georges Ouédraogo. Irin waɗannan gidaje na iya ajiye ƙwarya da baka, amma ba su iya ajiye hannun da ke kaɗawa.

Inda ɗan kasuwa ya shigo

Gaskiyar magana, masu tura waƙa a memori a Sinkase da Bawku da Kancari da Gaya da Ƙonni da Illela da Maigatari su ne masu haɗa faifai na wannan zamani, ko da ba su kira kansu haka ba. Direba ya miƙo waya ya ce a cika masa, mai rumfa ne ke yanke abin da zai ji daga nan har Lome. Yawanci sai a zuba ɗaruruwan waƙoƙi ba kai ba gindi, tsofaffi a jaka guda da ba mai buɗewa, sababbi a wata. Da mai rumfa zai ware awa guda, waƙa goma ko sha biyu, ya sa kukumar da uban direban ya sani kusa da waƙar zamani da ta ɗauko irin takenta, ya rubuta sunan kowane makaɗi daidai, da ya yi abin da 'yan Denmak suka yi, kuma da rumfarsa ta fita daban da ta maƙwabcinsa.

Kada a raina memori. A 2011 wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, ya tattara waƙoƙi daga wayoyin mutane a arewacin Mali ya fitar da faifan Music from Saharan Cellphones a kamfaninsa Sahel Sounds, ya kuma bi sawu ya nemo mawaƙan domin a biya su. Cikinsu akwai Mdou Moctar na Nijar, wanda daga nan ya kama hanyar manyan dandalin duniya. Abin da ke yawo a aljihunmu ba kuɗi, wani ya zo daga nesa ya tace shi, ya jera shi, ya sa masa suna, ya zama haja.

Mataki na gaba ya fi ƙarfin mai rumfa shi kaɗai, amma bai fi ƙarfin ƙungiyar 'yan kasuwa ba. A samu mutum huɗu: mai goge, mai kukuma, mai gurmi ko molo, da mai babbar garaya da zai riƙe murya ta ƙasa kamar yadda selo ke yi. Aiki ne mai wuya, domin a al'ada kowannensu shi ne sarki a ƙungiyarsa, da masu ƙwarya da 'yan amshi a bayansa, bai saba sauraron wani mai tsirkiya ya ba shi hanya ba, kuma sai an zauna an daidaita ɗaurin kayan su yi murya ɗaya. Rabin faifan ya zama tsofaffin take daga hannun dattawan da suka rage, da izininsu ko na magadansu, rabi kuma sabon abu da matasa masu aikin sutudiyo za su tsara domin waɗannan huɗun. A rubuta yarjejeniya a takarda, a yi rajista a hukumar haƙƙi, kowa ya san kasonsa kafin a kunna na'ura. Sutudiyo akwai su a Wagadugu da Yamai da Maraɗi da Kano, gidajen rediyon unguwa kuma kullum neman abin da za su sa wa masu sauraron Hausa suke yi.

Tun zamanin ayari, fatake da madugai da dillalai su ne iyayen gidan makaɗa, kuma sunayen attajirai da direbobi da yawa sun wanzu ne saboda wani mawaƙi ya ambace su. Kuɗin da ake liƙawa a goshi a daren biki ɗaya yakan ƙare kafin gari ya waye. Irinsa da za a haɗa a biya kwana uku na sutudiyo da kuɗin motar dattijo mai goge, jikoki za su tarar da shi. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, amma sai in an same ta a cikin tulu. Masu tsirkiyar da suka rage ba yara ba ne, kuma kowace damina ana rasa wani.